Wai mutanen da sun fi mu mutunci?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Tun jiya bayan Isha na saka bidiyon nan a zaure, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Da rikicin 'yan fim na kawo da yanzu sharhi ya haura ɗari biyu. To na sake sakawa. Gasar ƙarshe ce ta wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda, a Amurka, shekarar 1919, tsakanin White Sox ta Shikago da Reds ta Sinsinati. Ni ko dokar wasan ban sani ba, 'yan kallo nake so ku duba. Dubban mutane, kowa da kwat, kowa da hula a kansa, zaune tsaf. Shekaranjiya na je gidan kallon ƙwallo neman yarona, abin da na tarar sai addu'a: wanduna a zazzage, ashar ta uwa ta uba, har da jifa da robar ruwa. Kyamara ba ta ƙarya. Mutanen da sun fi mu mutunci, ko a wajen Turawa.

Na Shikago: Wa alaikumus salam. Yaya, mutunci fa ka ce? Duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka ɗauko sai wannan? Ai wannan gasar sayar da ita aka yi. 'Yan White Sox takwas aka zarga da haɗa baki da 'yan caca su faɗi da gangan. Mai jefa musu ƙwallo Eddie Cicotte dala 10,000 ya karɓa, ya kuma amsa da bakinsa. A wasan farko ya ɗirka wa mutum na farko da ya zo bugu ƙwallo a gadon baya, alamar ciniki ya faɗa ke nan. Reds ta ci wasa 5, su 3. Kotu ta sallame su a 1921, amma shugaban wasan, alƙali Landis, ya kore su har abada. Har yau mutanen garin nan ba su manta ba.

Baban Khalifa: 'Yan kallo na ce, ban ce 'yan wasa ba. Ka riƙa karatu kafin ka yi sharhi.

Na Shikago: To su 'yan cacar a ina suka zauna, Yaya? A kan bishiya? Su ma kwat ce a jikinsu, tasu ma ta fi tsada.

Malam Mai Nahawu: Ku dakata. Kuskuren a kalma yake. Abin da Baban Khalifa ya gani kamala ce, ba mutunci ba. Kamala a shiga da zama ake ganinta. Mutunci kuwa sai an yi mu'amala da mutum, an ba shi amana, an ga yadda yake da maƙwabci. Ba a ganin mutunci a hoto.

Alhaji Ƙarami: Malam, ban yarda ba. In ba a ganinsa a ido, me ya sa ake cewa shigar mutunci? Kai da kanka in 'yarka za ta fita ai cewa kake ta yi shigar mutunci.

Malam Mai Nahawu: Alhaji, kar ka sako min iyali a magana. Shigar mutunci na nufin shigar da masu mutunci suke yi. Ɓarawo ma yana iya aronta ranar Juma'a.

Alhaji Ƙarami: Wa kake kira ɓarawo?

Maman Ihsan: Ni na kalli bidiyon sau uku. Baban Khalifa, don Allah tambaya biyu. Fim ɗin ba shi da sauti, ta ina ka san ba sa ashar? Bakinsu dai na ga yana motsi. Na biyu, ka nuna min baƙar fata ɗaya a cikin 'yan wasan. Babu. A lokacin ba a ɗaukar baƙaƙen fata a manyan ƙungiyoyi, kuma ba wata rubutacciyar doka ba ce, masu ƙungiyoyin ne suka haɗa kai a tsakaninsu. Dole ta sa Rube Foster ya kafa wa baƙaƙe tasu gasar a 1920. Sai 1947 Jackie Robinson ya shiga Dodgers ta Brooklyn. Matan da ke zaune a wurin kuwa, sai a 1920 kundin mulkin ƙasar ya tabbatar wa mata jefa ƙuri'a. Wannan ne mutuncin?

Na Shikago: Allah ya biya ki, Hajiya. A ƙara da wannan: a watan Yulin shekarar, wata biyu da 'yan kwanaki kafin gasar, aka yi tarzoma a Shikago. Wani yaro baƙi mai shekara 17, Eugene Williams, yana wanka a tafkin Michigan, ruwa ya kai shi ɓangaren da farare suke ganin nasu ne, aka yi ta jifa har ya nutse. Mutum 38 suka mutu a rikicin, 23 baƙaƙe, 15 farare. Unguwannin da aka yi abin suna dab da filin White Sox, kusan kullum nake bi ta wurin da mota.

Alhaji Ƙarami: Mun ji, kana Amurka. Ba sai kowace magana ka tuna mana ba. Baban Khalifa dai ya girme ka, kuma da ka tashi tafiya ai mun san wanda ya raka ka tasha.

Na Shikago: Alhaji, me ya kawo tasha cikin besbol?

Ɗan Gaske: Wallahi bidiyon ma ƙirƙirarre ne, aikin kwamfuta. Ku dubi yadda suke gudu fir-fir kamar an kunna musu batir. Mutum yana tafiya haka?

Injiniya: Na gaske ne. Da hannu ake juya kyamarar lokacin, tana ɗaukar hoto kamar 16 zuwa 18 a daƙiƙa, in aka haska shi a kan 24 dole ka ga mutane suna sauri. Labarin yadda ya tsira ma ya fi wasan daɗi. Garin Dawson a arewacin Kanada shi ne ƙarshen zangon finafinai, mayar da su kuma asara ce, sai aka tara su. Daga baya aka cike wani tsohon wurin ninkaya da su. A 1978 ana haƙa aka tono faifai 533, sanyin ƙasar ya adana su, wannan yana ciki. Sai dai a lura, mai ɗaukar labarai na sinima inda aka biya shi ya nuna nan yake juya kyamara. Kuma a zamanin ko lebura in zai fita gari da hula yake fita, kamar yadda...

Ɗan Gaske: Injiniya, taƙaita mana, data ta yi tsada. Ni dai wasan da mutum zai tsaya da sanda yana jira a jefo masa ƙwallo ba wasa ba ne. Gara langa.

Gunner Har Abada: Baban Khalifa, a gidan kallon da ka je, waɗanne magoya baya ne suka yi jifan? Don na san ba namu ba ne. Mu da mutunci aka san mu.

Jan Shaiɗan: Mutuncin shekara nawa kuna cewa bana tamu ce?

Gunner Har Abada: Wanda aka lallasa a gidansa ba shi da bakin magana.

Maman Ihsan: Har yanzu ba a amsa min maganar sauti ba.

Baban Khalifa: Hajiya, fuskar mai ashar daban take. Na bar ku da Allah. Gobe in na kawo abin ilimi ku ce ba ni ba ne.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga abin da aka tsayar. Baban Khalifa ya kawo hujja ta gani da ido cewa mutanen da sun fi kamun kai, kuma babu wanda ya musa cewa da kwat da hula suke. Malam ya yi gyara a kan kalma, amma a ganina kamala da mutunci Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Na Shikago da Maman Ihsan sun kawo tarihin caca da na wariyar launi, mun gode, sai dai wannan wani maudu'i ne daban, a buɗe masa nasa zaren. Bayanin Injiniya ya yi tsawo, ban gama karantawa ba. Ina jan hankalin ƙanana su riƙa sanin yadda ake yi wa manya magana, ko da kuwa daga ƙasar waje suke rubutu. Jan Shaiɗan, na dakatar da kai kwana biyu saboda tsokana. Gunner bai yi laifi ba, ramawa ya yi.