Kiliya ta ƙi bushewa, fentin kuma ya yi ramuka

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayen gidana, shawara nake nema. Na fesa bonet da ƙofar wata farar mota, amma kiliyar, wato fentin sama marar launi mai sa ƙyalli, har yanzu laushi gare ta, in na danna farce sai ya bar sawu. Ga ƙananan ramuka kamar idon kifi a bonet ɗin, kuma daidai inda na sa fila, abin cike lotsawar jikin mota, wani tabo ruwan ɗorawa yana tasowa. Hadna, sinadarin da ke sa kiliya tauri, da ido na zuba, kuma ba kamfaninsu ɗaya da kiliyar ba. Filar da sanfefa da ruwa na goge ta. In ƙara fesa wata kiliyar a kai?

Wani tsohon mai fenti: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura ka fesa komai a kai. Kiliyar 2K, wato mai haɗi biyu, ba iska ce ke busar da ita ba, haɗuwarta da hadna ce ke sa ta yi tauri. In hadna ya yi kaɗan, ko ta kwana nawa a rana ba za ta yi ƙarfin da ya kamata ba, abin da ka ɗora a kai kuma zai yamutse ko ya tsattsage. Yawanci kashi 2 na kiliya ne da kashi 1 na hadna, wasu 4 da 1, sai tina, ruwan da ke tsinka fenti, wajen kashi 10 cikin 100 in kamfanin ya ce a sa. Duk a rubuce yake a jikin gwangwani. Ka nemi kofin awo mai layi-layi, ido ba ma'auni ba ne, mu da muka tsufa a aikin ma aunawa muke yi. Hadnan wani kamfanin kuwa ƙarfinsa daban, awon da aka rubuta maka ba nasa ba ne. Ka kuma duba naka: in an bar gwangwanin a buɗe yana jan danshi, sai ya yi kauri ko ya gurɓace. Irin wannan zubarwa ake yi. Sai dai haƙuri, kankare aikin za ka yi har ka isa inda yake da tauri.

Wani ɗan'uwa: Ramukan nan maiƙo ne, ko man goge mota mai silikon. Kafin ka taɓa sanfefa ka wanke da sabulu, sannan ka bi da ruwan cire maiƙo: tsumma ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe yana biye da shi tun bai bushe ba. In ka fara gugar kafin wankin, cusa dattin kake yi cikin zanen sanfefar. Ka buɗe ƙasan tankin kwamfuresa ma ka ga ruwan da zai zubo, shi ma yana biyo iskar feshi ya ɓata fenti.

Wani oga: Malam, fila ba ta shiri da ruwa, tsotse shi take yi, daga baya ƙarfen ya yi tsatsa a ƙarƙashi, fentin ya kumbura. A bushe ake goge ta, ka fara da sanfefa mai lamba 80 ka gama da 180. Tabon da kake gani hadnan fila ne ya yi yawa ya huda ya fito, farin fenti ba ya ɓoye shi. Kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ya isa, ka cuɗa a kan faifai har launin ya zama ɗaya. Ka cire waccan ka sa sabuwa, ka rufe ta da firaima ta 2K, wato fentin shimfiɗa, ka goge da 400 zuwa 500 kafin launi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Baba, tsakanin feshi da feshi fa, minti nawa zan jira?

Tsohon mai fenti: Galibi minti 10 zuwa 15, amma ka bi takardar kamfanin. Launin ya daina ƙyalli tukuna kafin ka ƙara. In ka yi gaggawa tina za ta maƙale a ciki ta ɓullo da ƙuraje kamar bakin allura. Lokacin zafi kuma tina mai jinkirin bushewa za ka sa. Sannan don Allah ka sa takunkumin da aka yi don feshin fenti, ba ƙyalle ba. Hadnan 2K yana jawo ciwon asma, ka kiyaye ƙirjinka.