Kwana biyar a Puebla ta Meziko: ta ina zan bi daga Kaduna, me zan gani, me zan ci?

Ɗan Unguwar Sarki:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Meziko. Cikin watan Nuwamba, in Allah ya kai mu, zan halarci taron aiki na kwana uku a Birnin Meziko, kuma ina so in ƙara kwana biyar in ga gari. An ce mini in je Puebla, wai tsohon birni ne da Sifaniyawa suka gina. Ta wace hanya zan bi daga Abuja ba tare da rikicin biza ba? In kwana can ne ko in riƙa zuwa ina dawowa? Me ya cancanci gani, kuma Musulmi me zai ci? Ba ni da bizar Amurka, ta Ingila kuma ta ƙare bara.

Injiniya na Barnawa:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da takardu, don a nan tafiyar mutanenmu ta fi lalacewa. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Meziko, sai in yana riƙe da biza mai rai ta Amurka, Kanada, Japan, Birtaniya ko ƙasashen Schengen, irin wadda ake shiga da ita fiye da sau ɗaya. Tunda ta Ingilarka ta mutu, ofishin jakadancin Meziko da ke Abuja za ka je da ƙafarka, don sai sun gan ka ido da ido. Ka riƙe takardar gayyatar taron, ta wurin aikinka, da bayanan asusun banki na watannin baya. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Tarko na biyu shi ne inda jirgi zai yada zango, tunda babu mai tashi daga Najeriya kai tsaye. In ka bi ta Paris, Amsterdam ko Frankfurt, Najeriya tana cikin ƙasashen da ake neman bizar wucewa a hannun 'ya'yansu ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, kuma bizar Meziko ba ta ɗauke maka wannan. Ta Amurka kuwa ba a ma wucewa sai da biza. Ejan zai iya sayar maka da tikiti mai arha, ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa ka isa Abuja da murna, a kanta a hana ka katin shiga, domin kamfanin jirgi ake ci wa tara in ya ɗauki wanda takardunsa ba su cika ba. Shi ya sa hanyar Turkish Airlines ta fi sauƙi: Abuja zuwa Istanbul, daga can zuwa Birnin Meziko, tafiyar da ta haura awa 13 a sama. Duk da haka ka sa su rubuta maka sharuɗan wucewa kafin ka biya, don dokokin nan suna sauyawa. A wurin jami'in shige da fice kuma ka riƙe tikitin dawowa da takardar otal a buge a kan takarda, ba a waya kaɗai ba.

Daga Birnin Meziko zuwa Puebla wajen kilomita 130 ne, awa biyu a bas, ranar Juma'a da yamma ya kan kai uku. Motocin ADO suna tashi daga tashar TAPO, na Estrella Roja kuma har daga cikin filin jirgin Birnin Meziko, wato Benito Juárez, suke ɗauka. Babbar tashar Puebla, CAPU, tana bayan tsohon gari. Kada ka bi mai kiran fasinja a bakin ƙofa. Sayi tikitin tasi a rumfar da ke cikin tashar, ko ka kira Uber ko DiDi. Ka kwana a Puebla, kusa da dandalin tsakiyar gari da suke kira Zócalo. Zuwa da dawowa kullum awa huɗu zai cinye maka a banza.

Ƙananan abubuwa masu ba da wahala: Puebla tana sama da mita 2,100 daga teku, Kaduna kuwa wajen 600, Jos ma ba ta kai ta ba ko kusa. Kwana biyun farko za ka ji haki a kan matakala da ɗan ciwon kai. Ka sha ruwa da yawa, ka rage sauri. Nuwamba rani ne a can, rana mai zafi da tsakar rana, dare kuma sanyi irin na tsakiyar hunturu, don haka rigar sanyi dole ce. Wutarsu bolt 127 ce, soket ɗinsu mai baki biyu sirara irin na Amurka, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga. Cajar waya da ta kwamfuta suna aiki da adafta kawai, amma dutsen guga ko butar lantarki ta gida ba za su yi zafin kirki ba. Ba inda za a canja maka naira, ka tafi da dala, kuma masu canji suna neman fasfo. Alamar peso ita ce $, kada ka ga $150 a kan abinci ka ɗauka dala ce. Mun riga su da awa bakwai.

Malama ta Malali:

Ƙanina, abin da Injiniya ya faɗa ya wadatar a kan hanya. Ni zan ce ka fara koyon lambobin tituna, don awa ɗaya da ka ba wa wannan za ta hana ka ɓata har ka bar garin. An kafa Puebla a 1531, aka zana ta layi-layi kamar gidan dara. Titi biyu ne suka gitta a kusurwar Zócalo: Reforma wanda ke zama Palafox y Mendoza, da 5 de Mayo wanda ke zama 16 de Septiembre. Oriente gabas, Poniente yamma, Norte arewa, Sur kudu. Titunan da ke arewa da Reforma lambarsu 2, 4, 6. Na kudu 3, 5, 7. Waɗanda suka gitta su kuma na gabas 2, 4, 6, na yamma 3, 5, 7. Kuskuren baƙo shi ne ya ɗauka 5 Oriente tana maƙwabtaka da 6 Oriente, alhali dandalin gaba ɗaya yana tsakaninsu.

Rana ta farko ka tsaya cikin tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987. Babbar majami'ar da ke kudu da dandali an fara ta a 1575, aka keɓe ta a 1649, hasumiyoyinta biyu sun kusa mita 70. Amma abin da ba zan yafe maka ba in ka tsallake shi ne ɗakin karatu na Palafoxiana da ke bayanta. A 1646 Bishop Juan de Palafox y Mendoza ya ba da littattafansa 5,000 da sharaɗin duk mai iya karatu ya shigo ya karanta, shi ya sa ake lissafa shi a matsayin ɗakin karatun jama'a na farko a nahiyar Amurka. Yanzu littattafan sun haura 40,000, a kantocin katako hawa uku. Ka duba wani keken katako da ke ciki, wanda ake ɗora littattafai da yawa a buɗe, mai nazari yana juya shi yana kwatanta wannan da wancan ba tare da ya rufe ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zama da tarin littattafai a kan buzu zai gane amfaninsa nan take. Ana rufe wurin ranar Litinin, kamar yawancin gidajen tarihinsu; gidan tarihin Museo Amparo shi kuma Talata yake rufewa, sai ka ajiye shi don Litinin.

A titin 5 de Mayo akwai ƙaramar majami'ar Capilla del Rosario, wadda aka gama a 1690, ciki duk an lulluɓe da ganyen zinariya. A 6 Oriente akwai gidan Aquiles Serdán, ɗan gwagwarmayar juyin juya halin Meziko, har yau ramukan harsashin artabun da ya yi da dakarun gwamnati ranar 18 ga Nuwamba 1910 suna jikin bangon. A kan tudun arewa kuma akwai sansanonin Loreto da Guadalupe, inda Janar Ignacio Zaragoza ya kori sojojin Faransa ranar 5 ga Mayu 1862, ko da yake sun dawo sun ci garin a 1863.

Ka ba Cholula yini guda. Wajen kilomita 15 ce. Daga nesa za ka ga tsauni da coci a kansa, amma ba tsauni ba ne, dala ce da mutane suka gina da tubalin ƙasa, hawa kan hawa cikin ƙarnoni, har ciyawa ta rufe ta. Kowane gefe wajen mita 400 ne, kuma a yawan ƙasar da ke cikinta ta fi babbar dalar Masar, sai dai ba ta kai ta tsawo ba. Masu binciken tarihi sun haƙa ramuka kusan kilomita 8 a cikinta. Ɗan sashe ne ake buɗe wa baƙi, shi ma a kan rufe shi na dogon lokaci, don haka ka tambaya wurin sayar da tikiti. A farfajiyar da ake kira Patio de los Altares ka tsaya gaban matakalar ka tafa hannu sau ɗaya, amsa-kuwwar za ta dawo maka kamar kukan tsuntsu. Ka je da safe, kafin gajimare ya rufe duwatsun da ake hangowa daga can, Popocatépetl mai aman wuta da maƙwabcinsa Iztaccíhuatl. Jirgin ƙasan 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa can ya daina aiki tun 2021, kada tsohon bayani a intanet ya sa ka tsaya jiransa.

Tsaraba kuwa tangaran ɗin Talavera ne. Na gaskiya da hannu ake zana shi, sau biyu ake gasa shi, kuma in ka shafa za ka ji fentin ya ɗan taso. Ka juya gindin ka ga sunan gidan da ya yi shi. Na kasuwar El Parián yawanci kwaikwayo ne mai arha. Ka saya don ado, amma kada a zuba masa zoɓo ko tsamiya, domin ruwa mai tsami yana jawo dalma daga fentin tukwane marasa inganci.

Hajiyar Tudun Wada:

Malam, batun abinci ka buɗe kunne, don Puebla gari ne na naman alade da kitsensa. Babban tarkon sunansa tacos árabes. Mutum zai ga "Larabawa" a suna, ya ga nama yana juyawa a ƙarfe kamar shawarma, ya ɗauka ya samu nasa. Asalinsa daga baƙin Gabas ta Tsakiya ne, amma yau da alade ake yinsa. Haka al pastor, carnitas, chicharrón, chorizo, jamón da tocino.

Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne manteca, wato narkakken kitsen alade. Da shi ake soya chalupas, yana cikin tamales, cikin daƙaƙƙen wake da suke kira frijoles refritos, cikin tortilla ta fulawa sau da yawa, har da wasu biskit da burodi mai zaƙi. Mole poblano, miyar da garin ya yi suna da ita, haɗin busasshen barkono iri-iri ne da riɗi, gyaɗa, kirfa, kanumfari da cakulan, ana zuba ta kan kaza ko talotalo, amma bisa al'ada da manteca ake soya kayan haɗin. Ka rubuta wannan a takarda ka nuna: "Sin cerdo y sin manteca, por favor." In ka ce cerdo kaɗai, da gaskiyarsu za su ce babu, don ba su lissafa kitse a matsayin nama.

Abin da za ka ci hankali kwance: tortilla ta masara, wadda masara ce da ruwa da farar ƙasa kawai, kifi gasasshe, ƙwai da aka soya da man gyaɗa ko wani man tsiro, dafaffiyar masara, fiya, da cemita, burodi mai riɗi a kai, in ka ce a sa maka cuku da fiya ba nama, ka kuma tabbatar ba manteca a burodin. Agua de jamaica zoɓonmu ne sak, agua de tamarindo kuma tsamiya. A 6 Oriente, da ake kira titin alewa, ka sayi camote, alewar dankalin Hausa, ka bar borrachitos da rompope, akwai giya a ciki. Ruwan famfo ba a sha. Hukuncin naman kaza da na shanu da ba ka san yankansu ba, ka tambayi malaminka tun kana gida. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, wajen digiri 47, kuma titunan garin sun ɗan karkace, kada ka auna da su.

Ɗan Unguwar Sarki:

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Dutsen nan mai aman wuta fa, ana hawa? Kuma sauran kwana biyun ina zan kai su?

Injiniya na Barnawa:

Popocatépetl ba a hawa. Ya farka tun Disamban 1994, kuma an hana kusantar bakinsa da ƙasa da kilomita 12. Hukumar rigakafin bala'o'i ta ƙasar, CENAPRED, tana fitar da rahotonsa kullum da launi uku, kore, rawaya da ja. A Mayun 2023 tokarsa ta sa aka rufe filin jirgin Puebla, har na Birnin Meziko ya tsaya na wasu awanni, shi ya sa ba na son ka bar komawa Birnin Meziko sai ranar tashinka. Ka koma ana gobe. In toka ta sauka ka sa takunkumi da tabarau, kada ka murza ido, don ba laushin tokar murhu gare ta ba, garin dutse ne mai kaifi.

Mafi kusa da za ka kai a mota shi ne Paso de Cortés, wajen mita 3,600, tsakaninsa da Iztaccíhuatl. Ka bar shi sai rana ta huɗu da jikinka ya saba, ka ɗauki direban da zai jira ka, ku tashi da asuba. Ragowar ranar guda ka kai ta Atlixco, garin furanni, wajen kilomita 30 kudu, ya fi Puebla ɗumi. Cuetzalan tana da kyau, amma kusan awa huɗu ce a hanyar dutse mai lanƙwasa, ba ta shiga cikin kwana biyar.