Neman shawara: in sayi mota sabuwar fitowa ko in dakata?

Alhaji na Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san mota, musamman makanikai da direbobin da ke bin hanyar arewa. Sana'ata fataucin wake da riɗi, harkar tana kai ni Tanut da Gure, wani lokaci Agadas, ga Yamai da ba na rasa zuwa. Land Cruiser 200 nake hawa, mai injin V8 (silinda takwas) na gazuwal. Ta yi mini hidima, alhamdu lillahi, amma shekaru sun ja, ina so in canza.

Wani dillali a Dubai ya turo mini hotunan Land Cruiser 300, da Lexus LX 600, da sabuwar Range Rover. Ya haɗo da wani jadawali na J.D. Power, wani kamfanin Amurka mai binciken ra'ayin masu motoci, ya ce masu motocin ne da bakinsu suka faɗi wadda ba ta ba su wahala. Yarona ya duba intanet ya samo wani jadawalin daban, jerin bai zo ɗaya da na dillali ba. To wanne zan kama? Kuma motar da ba ta daɗe da fitowa ba, ana iya dogara da ita a ƙasa irin tamu? Kuɗin ba kaɗan ba ne, guminmu ne na shekaru.

Injiniya Musa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai ka tambayi dillalin nan wane jadawali ne ya turo, domin J.D. Power bincike biyu suke yi da mutane ke yawan gauraya su. Na farko suna tambayar wanda ya sayi sabuwar mota abin da ya dame shi a cikin kwana 90 na farko. Na biyu suna tambayar wanda motarsa ta shekara 3 a hannunsa matsalolin da ya gani a wata 12 da suka wuce. Duka biyun ana ƙirga yawan koke ne a kan kowace mota 100, mai ƙaramin adadi ita ce a sama. Dillalai sun fi son na kwana 90, don shi kaɗai ne sabuwar fitowa za ta iya shiga.

Ka duba kuma yadda ake ƙirgar. Wanda wayarsa ta ƙi haɗuwa da allon mota ya yi koke ɗaya, wanda injinsa ya tsaya a hanya shi ma ɗaya. Shekarun nan koken da ya fi yawa a binciken nasu na allo ne da haɗin waya, har ma sau da yawa motocin alfarma kan fi na talakawa tara koke saboda kayan lantarkin da aka cika su da shi. Kai kuwa abin da ya shafe ka shi ne ko za ta kai ka Agadas ta dawo da kai. Sannan kamfanin da ya ci lambar yabo yakan biya kuɗi kafin ya sa sunan J.D. Power a tallarsa. Ban ce ƙarya suke yi ba, amma kasuwanci ne, ya kamata ka sani.

Abu mafi girma: masu amsa tambayoyin nan a Amurka suke, kan kwalta mai kyau, da mai tsaftatacce, da garaji na kamfani a kowane gari. Land Cruiser 300 ma ba a sayar da ita a can ko kaɗan. Wadda suke kira Land Cruiser yanzu dangin Prado 250 ce. Duk abin da dillali ya nuna maka a kan 300 daga jadawalin Amurka, ba ita aka auna ba.

Malam Isufu makaniki:
Ranka ya daɗe, Injiniya ya yi maganar takarda, ni bari in yi ta garaji. V8 ɗin da kake hawa tun 2007 ake yin ta har 2021. Shekarun nan duk mun koye ta. In ta yi tari na san inda zan sa hannu, yaran garaji ma sun sani, kayanta kuma in babu a Damagaram akwai a Ƙofar Ruwa a Kano, ka aika da safe su iso ka cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita 300 da ta fito a 2021 an cire V8, an sa V6 mai turbo biyu, na isansi da na gazuwal mai lita 3.3, giya kuma 10 ce mai canza kanta. Ƙarfi akwai, mai ma ta fi tsimi. Amma turbo biyu zafi ne biyu, ga watan Afrilu da Mayu a nan zafi na wuce 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska tun lokacin canjinta bai yi ba. Irin wannan injin ba ya yafe jinkirin bidanji, ba ya yafe man inji na jabu, ba ya yafe man ruwa-ruwa na bakin hanya. Ka san kuwa tsakanin Tanut da Agadas ba kullum mutum ke samun man da yake so ba.

In gazuwal za ka ɗauka, ka tabbatar ba ƙirar Turai ba ce. Tasu tana da tukunyar tace hayaƙi a salansa, wasu har da ruwan AdBlue na tsaftace hayaƙin, an yi su ne don gazuwal mai ƙarancin kibritu sosai. Tukunyar nan in ta toshe, kwamfuta ce za ta rage wa motar ƙarfi, ka riƙa rarrafe a hanya. Na ga manyan motocin Turai masu tsada sun shigo wurinmu a kan wannan kaɗai.

Ita kuwa Range Rover mai tashi da sauka a kan jakar iska maimakon sifirin, daɗin zama babu kamarta, wannan gaskiya ne. Sai dai duk mota mai irin wannan ƙafa, ranar da jaka ɗaya ta huje ko famfonta ya mutu, za ta durƙusa, kuma ba abin da za a ɗaure da waya a ƙarasa gida ba ne. Mai zirga-zirga cikin Yamai ya saya. Mai bin Gure da damina, ni ban ba shi shawara ba.

Abdu direba:
Malam Isufu, da girmamawa, kuna tsorata Alhaji da yawa. Lokacin da V8 ta fito haka aka riƙa cewa kwamfuta ta yi mata yawa, gara tsohuwa mai silinda shida a jere. Yau ga shi ita ake yabo. Ni ina tuƙa 300 ta wurin aikinmu, na kai ta Difa, na kai ta Agadas, ban ga abin kuka ba. Kilim ɗinta kaɗai ya isa mutum ya so ta, ka yi tafiyar Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ka sauka ba ka ji a jikinka ba. Kuma 300 ai ta daina zama sabuwar fitowa, ta kwana biyu. Prado 250 da Lexus GX 550 su ne sababbi.

Malam Isufu makaniki:
Abdu ƙanena, taku ma'aikata ce ta saya a hannun wakilin kamfani, da garanti, ana kai ta bidanji kan lokaci, kuna shan mai a gidan mai da takarda. In ta lalace a ba ka wata ka ci gaba da aiki. Alhaji daga aljihunsa ne, kuma ta hannun dillali. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: wadda aka ƙera bana ta fi wadda aka ƙera shekarar farko, an gyara abubuwa a tsakani.

Injiniya Musa:
Wannan batu na shekarar farko shi ne zuciyar maganar, kuma akwai misali a fili. A watan Mayu na 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 a Amurka, wato ta ce masu su su dawo da su a gyara, Tundra da Lexus LX 600 ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda kan iya cinye metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, ya kashe injin ana cikin tafiya. Daga baya suka ce za su canza injin ɗungurungum kyauta. Kamfanin da ya fi kowa suna wajen ƙarko ke nan, kuma Lexus, wadda ita ma ta Toyota ce, ta sha zuwa ta ɗaya a binciken shekara 3. Binciken kwana 90 ba zai hango irin wannan ba, sai mota ta yi tafiya tukuna. Injin isansi na Land Cruiser 300 kuwa dangin wannan V6 ɗin ne.

Mutumin Amurka zai kai tasa garajin kamfani a sa masa sabon inji bai biya ko dala ba. Wadda dillali ya sayo a Dubai ta biyo jirgin ruwa ta Lome, ta ratso Burkina, aka yi mata duwan ta iso Damagaram, wa zai canza mata? Wannan tambayar za ka yi wa dillalinka, Alhaji, kuma ya amsa a rubuce.

Hajiya ta Birni:
Alhaji, ni ba makanikiya ba ce, amma abin ya taɓa gidanmu. Maigidana ya sayi wata babbar mota ta alfarma a shekarar da ta fito, ba zan faɗi sunanta ba. Wani ɗan ƙaramin abin lantarki ne ya mutu, ba inji ba, ba giya ba. Nan aka rasa mai na'urar da za ta karanta ta, aka ɗora ta a babbar mota zuwa Yamai, can ma aka ce sai an yi odar kayan daga waje. Watanni tana ajiye, shi kuma yana hayar mota yana bin kasuwancinsa. Da ya gaji ya sa ta kasuwa, masu saye suka riƙa taya ta kamar ba ita aka saya da miliyoyin nan ba, don kowa ya ji labari. Ka yi lissafin ranar sayarwa tun ranar saye. A garin nan motar da makanikai suka sani ita ce ke riƙe kuɗinta.

Ɗan jami'a:
Baba Alhaji, ina ganin kada a zubar da binciken gaba ɗaya. Makaniki motar da ta lalace kaɗai yake gani, direba kuma tasa kaɗai ya sani, su kuwa dubban mutane suke tambaya. In ka ga wani kamfani yana sama shekara bayan shekara a binciken shekara 3, wani kuma kullum yana can ƙasa, wannan ba sa'a ba ce. Lexus da Toyota sun saba zama a sama, Land Rover mai ƙera Range Rover ta sha zama kusa da ƙarshe. Wataƙila jadawalin da ɗanka ya samo na Consumer Reports ne. Su ƙungiya ce da ba ta neman riba, ba sa karɓar talla, da kuɗinsu suke sayen motocin da suke gwadawa, kuma sun daɗe suna ba mutane shawarar su guji shekarar farko ta duk motar da aka sake wa ƙira. Tambayoyinsu daban, mutanen da suke tambaya daban, shi ya sa jerin bai zo ɗaya ba.

Alhaji na Zango:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Range Rover na cire ta, ba don ba ta da kyau ba, hanyoyina ne ba nata ba. Zuciyata ta fi kwantawa da 300 ta gazuwal. Malam Isufu, in na tsaya a kanta, me zan duba kafin in tura kuɗi? Tsohuwar kuma in sayar ko in riƙe?

Malam Isufu makaniki:
Ka fara neman farashi wurin wakilin Toyota a Yamai, CFAO, ka kwatanta da na Dubai bayan ka haɗa kuɗin jirgi da na hanya da duwan. Ko na Yamai ya ɗara, garanti da ƙirar da aka yi don ƙasashenmu suna cikin kuɗin. In ka fi son ta Dubai, ya turo maka lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, Injiniya ya duba maka shekarar ƙira da ko akwai kiranye a kanta. Ya ɗauko hoton ƙarƙashinta in ga salansa. Ka zaɓi mai ƙafa inci 18 da taya mai kauri, ka bar masu inci 20 zuwa sama, ramin hanyar Tanut ba ya barin siririyar taya. Ka sa a haɗo maka filtar gazuwal da ta iska da ta mai masu yawa a cikin motar, na asali, da man injin da littafinta ya ce.

V8 kuwa kada ka sayar bana. Ka kawo ta in duba ƙafafunta da injekta, ta ci gaba da bin Agadas da Gure, sabuwar ta fara da Yamai da Kano har mu ga halinta ta wuce zafi ɗaya da damina ɗaya.

Alhaji na Zango:
To madalla. Yanzu zan kira dillalin ya turo lambar shasin, Injiniya zan tura maka ta waya. Malam Isufu, ranar Asabar bayan azahar in sha Allah yaro zai kawo maka V8 ɗin garaji.