Neman shawara: sabar shafinmu tana faɗuwa duk ranar da baƙi suka yi yawa

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da shan ruwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni a wannan harka.

Ni ke kula da sabar wani ƙaramin shafin labarai na Hausa a nan Kano. Mu biyar ne, huɗu marubuta, ni kuma aka danƙa wa ɓangaren na'ura. WordPress muke amfani da shi, a kan sabar haya da ke Jamus mai furosesa biyu da RAM gigabait 4. Ubuntu 22.04 ne a kai, da Apache mai miƙa wa baƙi shafuka, da PHP 8.1 mai gina su, da MySQL wato rumbun bayanai, duk a inji ɗaya. A ranakun da ba wani babban labari, lafiya lau take aiki. Amma daren da ake jiran sanarwar ganin watan azumi daga fadar Sarkin Musulmi, muna sakin labarin aka yaɗa shi a WhatsApp da Facebook, ko minti goma ba a yi ba shafin ya tsaya cak. Daga baya sai farin allo da rubutun "Error establishing a database connection". Sau uku ina kashe sabar ina kunnawa a daren, da ta tashi sai ta sake kwantawa. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin wannan ne daren da mutane suka fi buƙatarmu.

Kamfanin da muke haya a wajensu sun ce mu koma babbar sabar mai gigabait 16. Da dala muke biya, kuma kun san halin da ake ciki. Saura mako uku a fara jiran watan Sallah. In biya kuɗin ne, ko akwai gyaran da zan yi?

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in da hali ka biya kawai ka huta. Lokaci ya ƙure, kuma taɓa saitin sabar da ke kan aiki ba wasa ba ne. Ni ma na taɓa shiga irin wannan, ƙarin RAM ne ya fisshe ni.

Wani injiniya, dattijon rukunin:

Ƙanena, kada ka ciro kuɗi tukuna. Ba na cewa shawarar Malam na Kaduna ba ta da kai, amma ba a sayen magani kafin a san ciwo. Ka shiga sabar ka kawo mana abu uku. Ka duba fayilolin /var/log/kern.log ka nemi inda aka rubuta "Out of memory". Ka buɗe fayil ɗin /etc/apache2/mods-available/mpm_prefork.conf ka faɗa mana lambar da ke gaban MaxRequestWorkers, wato iyakar ma'aikatan da Apache zai iya tayarwa don karɓar baƙi. Sannan ka buɗe htop, mai nuna abin da ke gudana a injin, ka duba megabait nawa kowane ma'aikacin Apache yake ci.

Mai tambaya:

Yallaɓai, na duba. Akwai "Out of memory: Killed process" kuma mysqld ne a rubuce, sau uku, daidai lokutan da shafin ya mutu. MaxRequestWorkers 150 ne, ban taɓa taɓa shi ba. Kowane ma'aikacin Apache yana cin wajen megabait 70.

Injiniyan:

To, ga ciwon nan ka kamo da hannunka. Yi lissafin da kanka: 150 sau 70, megabait 10,500 ke nan, kai kuwa 4,096 kake da su gaba ɗaya, kuma MySQL da shi kansa Ubuntu suna da nasu kason a ciki. Ka ba Apache izinin ɗibar ma'aikatan da gidan ba zai iya ciyarwa ba. A ranar da baƙi ba su da yawa, goma ko sha biyar ke aiki, shi ya sa ba ka ga komai ba. Da cunkoso ya zo sai ya yi ta ƙaro su har RAM ta ƙare. A nan Linux ke neman wanda zai kashe domin ya ceci injin, kuma yakan zaɓi wanda ya fi kowa cin RAM. A wajenka MySQL ne. Saƙon da ka gani a allo yana nuna rumbun bayanai ne, amma shi kashe shi aka yi, laifin na wani ne.

Yanzu bari in faɗa maka dalilin da ya sa gigabait 16 ba za ta raba ka da matsalar ba. RAM za ta ishi ma'aikata 150 ɗin, gaskiya ne. Sai dai duk baƙon da ya buɗe labarin nan, PHP sai ya tashi, ya loda WordPress da dukkan fulogin ɗinka, wato ƙananan manhajojin da aka ƙara masa, ya yi wa MySQL tambayoyi da dama, sannan ya haɗa shafin. Mutum dubu sun buɗe labari ɗaya, an gina shafi iri ɗaya sau dubu. A ce gina shafi ɗaya yana cin rabin daƙiƙa na furosesa, furosesa biyu shafi huɗu kawai za su fitar a daƙiƙa, ko ma'aikata nawa ne a layi. Kamar mai shayi ne da ke hura wuta daga farko saboda kowane kofi. Ƙara masa benci ba zai sa layi ya ragu ba, tukunya ɗaya zai dafa ya riƙa zubawa.

Abin da zan yi da ni ne kai, bi da bi. Yau ɗin nan ka mayar da MaxRequestWorkers 25. Ka ware wa MySQL da Ubuntu kamar gigabait 2, sauran biyun ka raba da 70, za ka samu 29, sai ka ɗan rage don barin sarari. In cunkoso ya zo mutane za su ɗan jira a layi, amma ba za a kashe maka rumbun bayanai ba. Ka kuma ƙara swap, wato wuri a faifai da ke taya RAM, na gigabait 1 ko 2 in babu, ba don gudu ba, don injin ya samu wurin numfashi kafin ya kai ga kisa.

Bayan nan ka raba PHP da Apache. Tsarin prefork da kake kai, kowane ma'aikaci yana ɗauke da PHP a bayansa, ko da hoto kawai aka aike shi ya miƙa. Ka ga ma'aikaci mai megabait 70 yana tsaye yana jiran wayar wani mai raunin netwok ta gama karɓar hoto. Ka saka php8.1-fpm, ka kashe php8.1 da mpm_prefork da a2dismod, ka kunna mpm_event da proxy_fcgi, sannan a2enconf php8.1-fpm. Amma ka kula, PHP-FPM yana zuwa da pm.max_children, wato iyakar ma'aikatansa, a kan 5, ya yi kaɗan. Irin lissafin ɗazu za ka yi masa.

Na uku shi ne babba: kash, wato a ajiye shafin da aka riga aka gina a riƙa miƙa shi yadda yake. WP Super Cache ya ishe ka. Ka sa shi a tsarin da Apache zai miƙa ajiyayyen fayil kai tsaye ta hanyar mod_rewrite, ba tare da an tashi PHP ba ko kaɗan.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:

Gaisuwa ga Injiniya, bayani ya yi. Ni dai da zan ba da tawa, sai in ce ya bar Apache gaba ɗaya ya koma Nginx. Don irin wannan matsalar Igor Sysoev na Rasha ya rubuta shi, ya sake shi a 2004, domin sabar ɗaya ta riƙe dubban mutane lokaci guda da 'yan ma'aikata kaɗan. Yana da fastcgi_cache a cikinsa. Ka ba shi daƙiƙa 60, ka kunna fastcgi_cache_lock da fastcgi_cache_use_stale updating, to a minti ɗaya sau ɗaya PHP zai gina labarin, ko mutum nawa suka zo. Lock ɗin nan yana da muhimmanci: in ba a riga an ajiye shafin ba, mutum ɗaya ake bari ya wuce wajen PHP, sauran su jira shi.

Injiniyan:

Malam na Maraɗi, Nginx nake amfani da shi a yawancin aikina, ba ni da ja. Amma mako uku gare shi, kuma shi kaɗai ne. Nginx ba ya karanta .htaccess, duk dokokin da fulogin suka rubuta a ciki sai an sake su da hannu. Apache 2.4 da mpm_event da kash zai ɗauki abin da shafinsa ke samu. Ya bari bayan Sallah, ya tayar da wata ƙaramar sabar ya koyi Nginx a natse.

Wata 'yar'uwa mai gina shafuka daga Abuja:

Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya taɓa cinye mini kwana biyu. Fulogin nawa gare ka, kuma akwai mai ƙirga yawan waɗanda suka karanta labari? Da yawa daga cikinsu suna kiran admin-ajax.php duk lokacin da aka buɗe shafi, su rubuta a rumbun bayanai. Wannan kiran ba ya bi ta kash. Sai ka ga ka sa kash amma PHP na nan yana haki. Ka duba rahoton access.log na daren, ka ga wane adireshi aka fi kira. Ka duba xmlrpc.php ma, masu gwada kalmar sirri suna yawan bi ta nan, in ba ka amfani da shi ka toshe.

Sannan wp-cron.php. WordPress ba shi da agogon kansa, zuwan baƙi ne ke tayar da ayyukan da aka tsara. Ka sa DISABLE_WP_CRON a wp-config.php, ka bar cron na Linux ya riƙa kiransa duk minti biyar.

Game da MySQL, innodb_buffer_pool_size, wato kason RAM da yake ajiye bayanai a ciki, yana zuwa a megabait 128. Ka duba girman rumbunka, in bai wuce gigabait ɗaya ba ka ba shi abin da zai ɗauke shi duka, kada dai ka haura kason da Injiniya ya ware. Ka kunna slow_query_log, ka sauko da long_query_time daga daƙiƙa 10 zuwa 1, kwana ɗaya kawai zai nuna maka fulogin ɗin da ke wahalar da kai.

Abu na ƙarshe, ka tuna su wa ke karanta ku. Yawancinsu da waya ne, da datar da suka saya da guminsu. In marubutanku suna ɗora hoton megabait 4 kai tsaye daga kyamara, kuna cutar sabar kuna cutar mai karatu. A rage girman hoto, a mayar da shi WebP. Ka kuma sa Cloudflare a gaba, kamfanin da ke ajiye kwafin fayilolin shafi kusa da masu karatu, tsarinsu na kyauta ya isa, suna da cibiya a Legas, hoto ba sai ya taso daga Jamus kowane lokaci ba. Sai dai ka sani, hotuna da CSS da makamantansu yake ajiyewa da kansa, ba ya ajiye shafin HTML sai ka kafa masa doka.

Ɗan'uwan Kaduna:

Na karɓi gyara, ban yi lissafin furosesa ba. Abu ɗaya zan ƙara: kafin ka taɓa komai ka ɗauki cikakken kwafin sabar, ka kuma sauke kwafin rumbun bayanai a kwamfutarka. Ka yi aikin bayan sahur lokacin da mutane suka koma barci. Canji ɗaya, ka gwada, sannan na gaba, kuma ka buga apachectl configtest kafin ka sake tayar da Apache.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ya karɓi ibadunmu. Ga inda aka kwana bayan kwana huɗu. Na ɗauki kwafi kamar yadda Malam na Kaduna ya ce. Na koma mpm_event da PHP-FPM, pm.max_children na sa 20. WP Super Cache yana aiki. Yaya ta Abuja, kamar kin leƙa sabar tamu: fulogin 31 gare mu, kuma mai ƙirga masu karatu shi ne ya cika rahoton daren nan da admin-ajax.php. Na cire shi da wasu tara da ba ma amfani da su. Yanzu free -m yana nuna mini kusan rabin RAM a sake.

Damuwata biyu. Ta yaya zan tabbatar gyaran zai riƙe kafin daren ya zo? Kuma editanmu yana tsoron kada mu gyara labari, misali a ce an ga wata bayan mun rubuta ana jira, mutane su ci gaba da ganin tsohon.

Injiniyan:

Madalla, ƙanena. Ta farko, kada ka jira daren ya gwada ka. Ka saka apache2-utils a wata kwamfuta daban, akwai ab a ciki, manhajar gwada cunkoso. Ka buga ab -n 2000 -c 50 da adireshin labari ɗaya na shafinka, kana kallon htop a ɗaya tagar. In kash na aiki, ma'aikatan PHP ba za su motsa ba. In ka ga sun tashi, akwai abin da ke zillewa, ka koma rahoto ka nemo shi. Ka auna sabar kai tsaye, ba ta bayan Cloudflare ba, kuma sabarka kaɗai, ba ta wani ba. Ka gwada har da adireshi mai jelar ?fbclid= a ƙarshe, domin Facebook yana liƙa ta ga mahaɗin da aka latsa daga wajensa, kuma adireshi mai irin wannan jela yakan tsallake kash. A saitin WP Super Cache akwai wurin da ake lissafa jelolin da za a yi watsi da su, ka tabbata tana ciki.

Tsoron editanku a kan hanya yake, labarin ganin wata ba abin da za a bari ya kwana ba ne. WP Super Cache yana goge ajiyayyen shafin labari idan an sabunta shi, amma ku gwada da idonku: ya gyara kalma ɗaya, kai kuma ka buɗe a wayar da ba a shiga da sunan kowa ba, domin wanda ya shiga a matsayin edita sau da yawa ba ajiyayyen shafi yake gani ba. Ku duba shafin farko ma. A Cloudflare kada ka kafa dokar ajiye HTML a wannan karon, ka bar masa hotuna kawai, wurin gogewa ya zama ɗaya. In ka yi gwajin ab ka turo mana lambar "Requests per second" da ta "Failed requests", da hoton htop lokacin da gwajin ke gudana, sai mu ga ko 20 ɗin nan za a ƙara ko a bar ta.