Neman shawara: maganin da aka gwada a ɓeraye, zan iya sha?

Assalamu alaikum, admin a sakaya sunana. Ɗana na fari an haife shi da ƙaramin haɓa, kunnuwansa ba su gama fitowa ba, gefen idanunsa ya rankwafa ƙasa. Likita ya ce ciwon Treacher Collins ne. Muna son ƙara haihuwa, sai ƙanena ya turo min cewa an ba ɓeraye masu ciki wani magani mai suna NAC, 'ya'yansu suka fito lafiya. In saya in fara sha ne?

Ɗalibin kimiyya: Wa alaikumus salam, Anti. An yi binciken, amma ƙanenki ya taƙaita shi da yawa. Ƙwayar gadon da lahaninta ya fi jawo ciwon sunanta Tcof1, furotin da take samarwa aikinsa a cikin nukiliyolos yake, ɗan curin da ke tsakiyar ƙwayar halitta inda ake haɗa ribosom masu ƙera furotin. Ɓeran da aka lalata wa kwafi ɗaya cikin biyu na wannan ƙwayar gado, ribosom ɗinsa ba sa isa, sai furotin p53 ya tashi ya kashe ƙwayoyin da za su zama ƙasusuwan fuska tun ciki yana ƙarami. A 2008 ɗakin binciken Paul Trainor a Kansas City ta Amurka ya toshe p53, fuskar ɓerayen ta fito daidai. To amma p53 ne ke tsare jiki daga ciwon daji, wa zai yarda a taɓa shi a jikin mutum? Gwajin NAC ɗin (N-acetylcysteine, mai kare ƙwayoyin jiki daga lahanin wasu sinadarai masu oksijin) a 2016 ne, ya rage illar, bai kawar da ita a dukansu ba. Kuma ko a ɓerayen, lahani iri ɗaya ne, amma jinsin ɓeran da ake kira C57BL/6 na mutuwa da zarar an haife shi, jinsin DBA/1 kuma na rayuwa.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yar uwa, don Allah kar ki sha ba da iznin likita ba. Ku je asibitin koyarwa ke da maigida a duba ku, don wani yana ɗauke da shi ba a gani a fuska sosai. In ɗayanku na da shi, kowane ciki rabi da rabi ne jaririn ya gaje shi. Amma kusan kashi 60 cikin 100 a jikin yaron abin ke farawa, ba daga iyaye ya gada ba, kuma a haka da wuya ya maimaitu. An auna jin yaron kuwa? Yawancin yara masu wannan ciwon kaifin basirarsu lafiya lau, rashin ji ne ke jawo musu jinkirin magana.

Mai tambaya: Ba a auna ba wallahi. Wane sashe zan nema?

Ma'aikaciyar jinya: Sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ki ce gwajin ji na yara kike so.