Kafin ka saurari faifan Chuck Berry na ƙarshe

Da muka tattauna kan faifan mai suna Chuck, wanda ya fito a watan Yunin 2017, wata uku bayan mutuwar mawaƙin, Ba'amurke mai kiɗan rock and roll, yana da shekara 90, shawara ɗaya ce ta fi yawa: fara da waƙoƙinsa na shekarun 1950 da kamfanin Chess na Shikago ya fitar, tukuna ka zo nan. Kafin wannan faifan, rabonsa da fitar da faifan sababbin waƙoƙi tun 1979, don haka kada ka nemi muryar saurayi. Wasu sun ce a kasa kunne ga jitarsa kawai. Ni kuwa na fi karkata ga masu cewa a lura da 'ya'yansa, Ingrid da Charles, da suka taya shi kiɗa, tunda matarsa Themetta ya sadaukar wa faifan.