Shawarwari kan ajiyar kalmar sirri a manhajar RT

A 2011 aka gano cewa manhajar RT (Request Tracker), wadda ma'aikatu ke bin diddigin koke-koke da ita, tana adana kalmomin sirri da tsarin MD5, wata hanyar rikiɗa kalma zuwa jerin baƙaƙe da lambobi, ba tare da an cakuɗa kowace kalma da baƙaƙe na daban ba. Duk wanda ya saci rumbun bayanan sai ya yi ta gwaji har ya dace.

Shawara ta farko ita ce a sabunta manhajar, a koma bcrypt, wani tsarin adana kalmar sirri wanda da gangan yake jan ƙafa don ya gajiyar da ɓarawo. Sai dai kuma a tuna cewa tsofaffin kwafin ajiya na nan ɗauke da tsohon tsarin. A ganina nan ne babbar matsalar, don haka a tilasta wa kowa ya sauya kalmarsa.